Mushe Abarshi, Wanda Ya Tare Koren Haske

Kafin rana ta ɗaga, Mushe Abarshi ya riga ya fito da kekensa daga zaure. Ba ya hawa nan take. Sai ya tura shi ya bi ta bakin tabki, ya gaisa da masunta da ke janyo komarsu, ya tambayi masu lambu ko tsutsa ta bar musu tumatir bana, ya tsaya wajen mai shayi ya kurɓi rabin kofi a tsaye. Daga nan sai lise, wato makarantar sakandare, inda ake ce wa kowane malami Mushe da Faransanci. Shi ne malamin kimiyyar fizik na Madarumfa, kuma kusan shekara talatin ke nan yana buɗe ajinsa da kansa, ya share allo, ya jera 'yan guntayen madubai da kwalaben ruwan da yake koyar da darasin haske da su. A ƙarshen wannan shekarar karatu zai ajiye alli. Ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana iya ji da kunnensa.

Duk wanda ya zauna ajinsa ya san shi da abubuwa uku. Ba ya ɗaura agogo, ba ya sa zobe. In alli ya faɗi ƙasa, sai ya runtse ido kafin ya sunkuya ya ɗauka. In kuma zai dube ka, sai ya ɗan karkata kai, kamar zakaran da ya hango shaho. Muna yara mun sha kwaikwayonsa a bayan aji. Wasu suka ce ai tsafi ne ya gada, tunda ɗan Anne ne, masu bin addinin gargajiya, an haife shi a wani ƙauye cikin ƙasar Sarkin Yamma. Da maganar ta kai kunnensa dariya ya yi, ya ce tsafin tsohonsa na neman ruwan sama ne, wannan kuwa a Faransa ya samo shi.

Da ƙuruciyarsa gwamnati ta tura shi can karatu, ya yi shekaru a wani ɗaki da ba a buɗe masa taga. A tsakiyar ɗakin akwai wani tebur mai nauyin gaske, cike da ƙananan madubai, hasken lazer na bi ta kansu siriri kamar zare. Aikinsu shi ne kallon yadda ƙwayoyin zarra, wato ƙananan ƙwayoyin da aka gina komai da su, suke karo da juna. Ya ce mana a cikin iskar da muke shaƙa ƙwayoyin nan gudu suke yi fiye da jirgin sama, suna ta bangazar juna kamar ranar kasuwa in an ce ga ɓarawo. A irin wannan turereniya wa zai gane wa ya taɓa wa? To sai su zuƙe iskar wani tulun gilashi, su saki 'yan ƙwayoyi kaɗan a ciki, su haska su da lazer ta kowace kusurwa. Duk inda ƙwaya ta nufa sai ta ci karo da haske yana tura ta baya, har gudunta ya koma rarrafe. Rashin gudun nan shi ne sanyi, sanyin da babu irinsa ko'ina a doron ƙasa. Sai ƙwayoyin su taru a dunƙule guda, bai fi ƙwayar dawa ba, yana ɗan ƙyalli.

Daga nan sai a kawo wani lazer ɗin daban, a riƙa sauya launinsa a hankali, a hankali. In launin ya dace, ƙwayoyi biyun da ke gab da haɗuwa sai su haɗiye hasken, su sarƙe da juna, su fice daga taron, dunƙulen ya dusashe. Sai a lura da launin da hakan ya faru, a ci gaba. Da irin waɗannan launuka ake gane yadda ƙwayoyi ke jan juna da yadda suke ture juna, kuma da wannan sani ake gyara agogunan da duniya ke saita lokaci da su. Mu dai a lokacin abin da ya tsaya mana a rai shi ne, ashe haske yana da hannu, yana tura abu.

Wannan shi ne mutumin da Salamatu ta ruga wurinsa wata Laraba, bayan Ƙaramar Sallar bara.

Salamatu tsohuwar ɗalibarsa ce. Mijinta yana arewa wajen haƙar zinariya, ita kuma tana zaune a gidan surukarta, Inna Kande. 'Yarta ta fari, Bushira, shekararta bakwai, a ɗakin kakar take kwana tun da aka yaye ta. Mu mata mun san kunyar ɗan fari. Ba ki kiran sunansa, ba ki nuna damuwa da shi a gaban surukai, in ya faɗi sai ki kau da kai wani ya ɗaga shi, ko da zuciyarki na tafasa. Salamatu ta riƙe wannan al'ada sosai, har ana yabonta a unguwa.

A ranar da hantsi tana wanki ta ji yarinyar tana ce wa kakarta, "Inna, ƙuda ya shige mini ido, ya ƙi hita."

Ba ta ɗaga kai ba. Amma da aka ba Bushira shinkafa ta tsince, sai ta saci kallonta ta gefen ido. Yarinyar ta kai hannu ga tsakuwa ta kuskure. Ta sake kaiwa. Sai ta karkata kai gefe guda, ta duba, ta ɗauka.

Salamatu ta saki wankin. Mutum ɗaya ta sani a duk faɗin Madarumfa da ke duban abu haka.

Nan take ta tuna tsarabar Salla. Ƙanin mijinta Sama'ila, ɗan kabu-kabu ne da ke haɗawa da 'yar tireda, ya ɗauko wasu 'yan tociloli daga garin Ɗan Issa, sirara kamar biro, masu fitar da koren haske da ke kaiwa har ƙolin bishiya. Ya ba Bushira ɗaya. Tun ranar yarinyar ke shigewa ɗakin kakarta tana haska jeren kwanonin silba da madubin bango, ɗigon kore yana tsalle ko'ina, tana cewa taurari ta kawo ɗaki.

Inna Kande kuwa ba baƙuwar ido ba ce. Duk wanda ƙaiƙayi ko yashi ya faɗa masa a ido a unguwar, wurinta ake kawo shi. Ta kwantar da kansa a cinyarta, ta buɗe fatar idon da yatsu, wani ya haska mata, ta sa harshe ta lashe abin. Hannunta da sauƙi, kuma ba ta taɓa karɓar komai ba. Da ta gama jin koken jikarta sai ta ce, "Bari in yi azahar, in hidda miki shi. Ke Salamatu, tocilata ta mutu. In Sama'ila ya shigo ki ce shi ɗauko wadda ya ba ɗiyar ga shi haska mini."

Me Salamatu za ta ce? Ta ce wa surukarta kada ta taɓa idon jikarta? A kan 'yar fari? Kuma ita kanta ba ta da tabbas, karkata kai kawai ta gani. Ta tsaya da kumfar sabulu a hannu tana jin ƙarar moton Sama'ila, babur ɗinsa na haya, tana matsowa daga bakin titi. Sai ta ɗauraye hannu, ta ɗauki ƙwaryar gero ta ce za ta kai niƙa. Tana fita zaure ta dire ƙwaryar a bayan ƙofa, ta tattare zane.

Ranar Laraba ba a komawa lakwal, wato makarantar boko, da rana, don haka ta sami Mushe Abarshi a ƙofar gidansa yana liƙin tayar keke. Ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Mushe, yarinyar gidanmu ce. Tana duban abu kamar yadda kake yi."

"Wace yarinya?"

Ta sunkuyar da kai. Ya dube ta, ya gane.

"Ta wajenki ta hwari. Ido ya yi ja? Yana zahi?"

"Babu ja, babu zahi. Ƙuda ta ce tana gani. Akwai wata tocila mai koren haske da..."

Bai bari ta ƙarasa ba, ya miƙe, tayar ta gangara kwata. "Ina tocilar take yanzu?"

"Da ita za a haska wa Inna ta duba idon."

Salamatu ta ce ba ta taɓa sanin dattijon nan yana iya gudu ba. Takalmi ɗaya ya bari a hanya, bai waiwaya ba. Ita ce mai ƙuruciya, amma da ƙyar take bin bayansa ta lungunan, tana jin liman ya sallame salla, tana roƙon Allah ya sa Inna ta daɗe a kan lazimi.

Ba ta daɗe ba. Da suka faɗa gidan, labulen ɗakin a sake yake. Mushe Abarshi, wanda ko zauren mutum ba ya tsallakewa sai an yi masa izini sau biyu, ya yaye labulen ɗakin tsohuwa babu sallama. Ga Bushira kwance, kanta a cinyar kakarta. Ga yatsun Inna sun buɗe fatar idon, yadda yarinyar ba ta da halin ƙiftawa. Ga Sama'ila a tsugune, ya saita bakin tocilar kusa da fuskarta, babban yatsansa a kan maɓalli.

Mushe Abarshi, kai ne ka cire hularka ka cusa ta tsakanin tocilar da idon. Salamatu ta ga ɗigon kore ya sauka a kan hular, yana rawa. Kai ne ka daka tsawar da aka ji har maƙwabta: "Ɗage yatsanka!"

Sama'ila ya saki abin ya faɗi kan tabarma. Bushira ta fashe da kuka. Inna Kande ta janyo mayafinta ta rufe kafaɗa, idonta ya kaɗa.

"Lahiya, Abarshi? Gobara anka yi? Ko a Turai ɗin haka anka koya maka shiga ɗakin mata?"

"Ki gahwarce ni, Yaya Kande. Na yi laihi, kuma zan dawo in ba da haƙuri yadda ya kamata. Amma wannan abu ba tocila ba ne."

"To mi ne ne? Bindiga?"

"Ya hi kusa da ita."

Sama'ila ya yi 'yar dariyar jin kunya. "Haba Mushe, abin wasan yara ne hwa. Rabin yaran garin ga suna da shi."

"Shi ya sa nike jin tsoro," in ji Mushe Abarshi, ya sa ƙafa ya danne abin.

Inna ba ta kula su ba. Ta ɗaga kai ta hango surukarta a bakin ƙofa, tana haki, babu ƙwarya, babu gari. "Wa ya kira shi?"

Mushe Abarshi ya buɗe baki zai ɗauke mata nauyin, amma Salamatu ta riga shi. Ta ce, "Ni ce, Inna."

"Ke? Niƙan ke nan? Yau ni Kande anka kai ƙara a kan jikata. Idon da na lasa a garin ga ya hi gashin kanki yawa, ɗiyar zamani."

Salamatu ta durƙusa, kanta a ƙasa. Ta san in dattijon ya fita a haka, an gama. Inna za ta lashe idon, in ba ta sami komai ba ta ɗiga ruwan ganye, a jira kwana da kwanaki, tocilar kuma ta koma hannun yarinya, ga ɗaya idon yana nan.

Shi kuwa bai yi gardama ba. Ya zauna a ƙasa, ƙasa da inda tsohuwar take, ya ce, "Yaya Kande, kowa ya san aikinki. Ni ma alhwarma nike nema. Duba mini idona na dama, ki hwaɗa mini abin da ke ciki."

Ta harare shi. Amma mai sana'a ba ya ƙin a gwada shi. Ta ce a ɗage labule, ta kama haɓarsa ta juya shi wajen haske, ta buɗe idon ta duba sama da ƙasa, ta sa ya kalli dama da hagu.

"Garau yake. Ko hakiya babu. Mi kake son in gani?"

"Da wannan idon ban taɓa ganin huskarki ba. Ina ganin kallabinki, ina ganin wuyanki. Tsakiya babu komai, sai wani baƙin abu kamar ƙuda."

Bushira ta daina kuka. Ta ɗago ta ce, "Irin nawa?"

Sai ya ba su labarin, a taƙaice, don ba shi da lokacin tsawaitawa. Wata rana a ɗakin binciken nan wani ɗan sukurun ƙarfe ya faɗo daga tebur, ya sunkuya zai ɗauka, idonsa ya zo daidai da inda hasken ke wucewa. Wani silin haske da ya kauce daga jikin wani abu mai sheƙi ya shige shi. Bai ji zafi ba, bai ga jini ba, har ya ci gaba da aikinsa. Sai da yamma ya ga rubutu yana ɓacewa a tsakiya. Ya ce ido yana tattara haske ne ya kai shi can ƙurya, kamar yadda yara ke tattara rana da gilashi su ƙona takarda, kuma wurin da ke ƙonewa ba ya jin ciwo, ba a ganinsa daga waje. Dalilin runtse idonsa ke nan in zai sunkuya, dalilin rabuwarsa da agogo da zobe ke nan. Jiki ya saba, ya ƙi mantawa.

"Hasken da munka riƙa tsai da abu mai gudun jirgi da shi, Yaya, ɗan'uwansa ne wannan. Mu da tabarau na musamman muke shiga wurinsa, ƙohwa a kulle, da jar hitila a waje."

Inna ta taɓe baki. "Ɗiyar ga tana gani. Ɗazu ta miƙo mini carbi."

"Da ido biyu. Mai lahiyar yana ruhe wa ɗan'uwansa asiri."

Ya sa Bushira ta zauna, ta rufe idon dama da tafin hannu, ta dubi saƙar tabarmar da ke gabanta. Ta ce layuka ne, a miƙe. Ya ce ta sauya hannu. Yarinyar ta daɗe tana kallo, tana matso da kai, tana ja da baya.

"Sun lanƙwashe. Nan kuma an huda tabarmar."

Ta ɗora yatsa a inda babu huda ko kaɗan.

Inna Kande ta sunkuya ta dubi inda yatsan yake. Duk da haka tsohuwar ba ta sallama ba. Ta ce ita ba ta yarda haske na ƙuna ba sai ta gani, ai ba wuta ba ce. Mushe Abarshi ya ce to za ta gani, amma sai an bi ƙa'idarsa. Ya sa Salamatu ta lulluɓe jeren kwanonin da zannuwa, ta kife madubin. Ya sa Sama'ila ya cire agogonsa ya fita da yarinyar tsakar gida. Ya rataya baƙar leda a jikin bangon ƙasa, ya tsayar da matan a bayansa, ya ce kada wadda ta sunkuya. Sannan ya ɗauki tocilar, ya saita ledar, ya danna. Ba a daɗe ba wani siririn hayaƙi ya tashi, ledar ta motse, ta huje. Warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin.

Inna Kande ta matsa ta sa ɗan yatsa a cikin hudar. Da ta yi magana, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Da ni zan riƙe mata idon."

Ta juyo wajen Mushe Abarshi.

"Kai za ka yi maganin?"

"A'a. Abin da ke bakin ido naki ne. Abin da ke ƙurya ba naki ba ne, ba nawa ba ne, na likitan ido ne a Maraɗi. Kuma yau, ba gobe ba. Ban san ko ɗayan ma ya taɓu ba."

"Ubanta ba shi nan. Ni gwiwata ba ta hawa moto. Wa za shi kai ta?"

"Ni zan kai ta, Inna," in ji Salamatu.

Tsohuwar ta juyo ta dube ta tun daga sama har ƙasa. Sai ta zare mayafin kafaɗarta ta jefa mata. "To tsayuwar mi kike yi? Kunya ba ta yi wa makaho jagora. Ɗauki ɗiyarki ku tahi."

Sama'ila ne ya ja su, yarinyar a tsakiya, uwar ta rungume ta a bainar jama'a karo na farko tun tana goye. Mushe Abarshi ya bi su a bayan wani ɗan kabu-kabun, da takalmin aro, tocilar a aljihunsa ya zare mata batir. Sun isa likitan yana shirin tashi. Da ya ji bayani, ya ga abin da aka ajiye masa a tebur, sai ya mayar da jakarsa. Ya ɗiga wa Bushira maganin da ke buɗe baƙin ido, ya ce su jira ya kama.

Wannan jiran Salamatu ta ce ba za ta manta da shi ba. Yarinyar ta fara kukan komai ya yi mata dishi-dishi, uwar ta ɗauka makantar ce ta iso, ta miƙe tsaye. Dattijon ya ce ta zauna, aikin maganin ne, shi ma an yi masa. Don ya ɗauke hankalin yarinyar sai ya shiga ba ta labarin dunƙulen nan mai ƙyalli, yadda in ƙwayoyi biyu suka gamu a cikin sanyi suke kama hannun juna su bar taro. Bushira ta ce, "Ina suke zuwa?" Ya ce, "Wallahi mu ma sai da munka sha wuya kahin mu gano." Sama'ila dai yana jingine da bango, ya kasa haɗa ido da kowa.

Likitan ya fara da idon hagu. Ya daɗe yana leƙe ta na'urarsa. Sai ya ce, "Wannan lafiya lau." Ya koma na dama. A nan ya ga tabon, ɗan ƙarami, ya ɗan goce daga tsakiyar wurin da ake karatu da gane fuska da shi. Ya ce ƙuna ce, ba a ɗinke ta, ba a wanke ta, amma ta yara takan ja da baya in an bar ta ta huta. Ya rubuta magani, ya sa musu ranar dawowa. Da aka gaya masa yadda aka sami yarinyar, an buɗe idon ana shirin haskawa daga kusa, sai ya ajiye biro ya dubi Mushe Abarshi, ya miƙa masa hannu.

Washegari dattijon ya koma gidan Inna Kande, ya tsaya a zaure ya yi sallama har sau uku, ya ba da haƙurin da ya yi alkawari. Ta ce ta yafe, amma ya sani har yanzu shi ɗan Anne ne marar ta ido. Ya ce ya ji, ai ido ɗaya da rabi gare shi, ta idon ma rabi ce.

Daga nan bai zauna ba. Sama'ila da kansa ya kwaso ragowar kayansa ya kawo, sannan ya ɗauke shi a moto suka bi gidajen da ya sayar wa. Ranar kasuwa dattijon ya ɗauki baƙar ledarsa ya bi masu tebur ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun ji, wasu sun ce tsoho ya zo kashe musu kasuwa, wani ma ya ce masa in haske na kisa ya je ya kai rana ƙara. Bai yi fushi ba, ya koma mako na gaba. Ya shiga ajujuwan ƙananan lakwal, ya yi magana a rediyon gari. A cikin yaran da ya sa suka rufe ido ɗaya suka dubi tabarma, an sami wasu da aka kai Maraɗi. Inna Kande ma yanzu ba ta kai harshe ga idon kowa sai ta tambaya ko ya yi wasa da koren haske.

Mushe Abarshi, na Sarkin Yamma, malamin da bai rowar abin da ya sani ba. Abokan aikinka na can sun ci gaba, an ce wasunsu sunansu ya zaga duniya. Kai ka dawo ka tsaya gaban allon da fentinsa ya koɗe, kana koya wa 'ya'yan manoma da masunta abin da haske yake. An yi maka dariya, mu ma mun yi. Ba ka taɓa ɓoye tabonka don a daina ba, kuma da ka ɓoye, da Salamatu ba ta san ƙofar da za ta buga ba. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya kiyaye maka ɗaya idon, ya sa masu ilmin cikinmu su koyi saukowa su zauna a ƙasa su yi wa tsohuwa bayani har ta gamsu.

Bushira ta koma wajen likita sau da yawa. Ƙudan bai tafi duka ba, kuma an gaya wa uwarta kada ta sa rai zai tafi. Amma ya ƙanƙance, ya koma gefe. A zuwansu na ƙarshe an rufe mata idon hagu, ta karanta haruffan bango da na daman har layin kusa da ƙasa, harafi ɗaya ta kuskure.

Ku kuma 'yan'uwana iyaye mata, wata Sallar na tafe, kuma kayan nan ba su daina shigowa ba. Kada ki jira yaro ya ce yana jin zafi, ba zai ji ba. In kin ajiye wannan takarda, tashi ki laluba aljihun ɗanki, na fari ne ko na auta.